Yadda Na Yi Aiki da Ɗakin Karatun Jami'ata ta Ingila Ina Zaune a Kano

Duk ɗalibin da ya kammala rajista a jami'a a Ingila ana ba shi sunan shiga da kalmar sirri, kuma da waɗannan abubuwa biyu yake buɗe akwatin saƙonsa, ya duba jadawalin darussa, ya kuma shiga ɗakin karatu ba tare da ya taka ƙofarsa ba. Ni karatun digiri na uku ne ya kai ni can, a fannin nazarin zamantakewar al'umma, kuma batun da na zaɓa shi ne sana'o'in da matan aure ke yi a cikin gidajensu a birnin Kano, da yadda adashe ke riƙe da jarin waɗannan sana'o'i. Tsarin irin wannan karatu shi ne mutum ya fara da karance-karance da tsara bincikensa a jami'a, sannan ya tafi inda mutanen da yake nazari suke zaune. Saboda haka mafi yawan aikin da na yi da ɗakin karatun jami'ata ba a Ingila na yi shi ba, a gidanmu na Gwammaja na yi shi, da kwamfutar tafi-da-gidanka da kuma datar waya.

Kafin in taso na nemi ganawa da ma'aikaciyar ɗakin karatu mai kula da sashenmu, domin a can kowane fanni yana da nasa ma'aikacin da ya san rumbunan bayanan da fannin ke buƙata. Ita ce ta fara fayyace mini yadda abin yake gudana. Mujallun ilimi ba kyauta ba ne; jami'a ce ke biyan kamfanonin ɗab'i irin su Taylor & Francis da Sage da Wiley da Elsevier kuɗi masu yawa duk shekara, su kuma kamfanonin suna gane ɗan jami'ar ne ta lambar intanet ta harabar makaranta. Muddin mutum yana cikin harabar, maƙala a buɗe take gare shi har ba zai san an biya komai ba, amma da zarar ya fita, balle a ce ya tsallako Najeriya, shafin zai tare shi da farashi, wanda sau da yawa yakan kai gomman daloli a kan maƙala guda. Mafita biyu ce: ko dai mutum ya bi ta ƙofar shiga ta jami'a, inda tsarin OpenAthens ko Shibboleth zai shaida wa kamfanin cewa shi ɗalibi ne mai rajista, ko kuma ya kunna VPN ta jami'a, wadda ke sa kwamfutarsa ta bayyana tamkar tana cikin harabar. Ta kuma ja hankalina kan wani ƙaramin abu da ya fi waɗannan duka muhimmanci ga matafiyi, wato lambar tabbatarwa da jami'a ke turowa ta saƙon waya idan an shiga daga sabon wuri. Ba lallai ne layina na Ingila ya karɓi saƙo a Kano ba, don haka muka mayar da tabbatarwar kan wata manhaja da ke fitar da lambar a cikin wayar kanta ko da babu sabis.

Rumbunan kuwa kowanne da halinsa, kuma sai mutum ya daɗe yana shiga da fita kafin ya gane wanda ya kamata ya tunkara da wace tambaya. JSTOR, wanda aka kafa a 1995, shi ne ma'ajiyar tsofaffin fitowar mujallu tun daga na farko, amma yawanci ba a samun fitowar shekarun baya-bayan nan a cikinsa, saboda yarjejeniyarsa da masu mujallu ta tanadi tazarar 'yan shekaru, galibi uku zuwa biyar. Wanda ke neman abin da aka buga bara sai ya je shafin kamfanin da ke buga mujallar. Google Scholar, da ya fito a 2004, ya fi kowanne faɗi, sai dai ba ya tankaɗe. Yakan jera aikin da masana suka tantance kusa da takardar da ba wanda ya duba. Duk da haka ban raina shi ba, domin idan aka shiga saitinsa aka zaɓi sunan jami'a, yakan nuna kusa da kowace maƙala ko jami'ar ta biya mata, kuma yana da mahaɗin da ke jero duk waɗanda suka ambaci wani aiki bayan fitowarsa. Wannan mahaɗi ya fi mini komai amfani. ProQuest kuma na kundayen digiri ne, akasari na jami'o'in Amurka, inda aka yi bincike da yawa a kan ƙasar Hausa waɗanda ba a taɓa buga su littafi ba.

Neman kansa yana da ƙa'idoji kaɗan waɗanda ba su da wuyar koyo. Idan aka sa jimla tsakanin alamomin zance, rumbun zai nemo ta a haɗe kamar yadda aka rubuta. Idan aka sa AND tsakanin kalmomi biyu sai ya kawo abin da ya ƙunshi duka biyun, OR kuma ya kawo wanda ya ƙunshi ko da ɗaya. Wahalar tana wajen sanin sunan da masana suka raɗa wa abin da kake nema. Rubuta adashe kaɗai ba ya kawo abin kirki, domin tun daga ayyukan Clifford Geertz a 1962 da Shirley Ardener a 1964 masana suka sa irin wannan zubi na karɓa-karɓa a ƙarƙashin suna guda na Turanci, wato rotating credit association, da ya haɗa namu da esusu na Yarabawa da susu na Gana da makamantansu a Asiya. Sai da na haɗa wancan suna da Kano, ko da Hausa, ko da Arewacin Najeriya, sannan sakamakon ya fara ma'ana. Na buɗe takarda ta musamman inda nake rubuta kowace haɗakar kalmomi da na gwada, da rumbun da na gwada ta a ciki, da abin da ta haifar, domin malamin da ke duba aikina ya gaya mini tun farko cewa ranar kare kundi za a iya tambayata yadda na zaɓi abin da na karanta da dalilin barin abin da na bari.

Hanyar da ta fi kai ni ga aiki mai nauyi ita ce bin sawu, gaba da baya. Na fara da wata gajeriyar maƙala ta Polly Hill ta 1969 a kan cinikin da mata ke yi a ɓoye daga gida zuwa gida a ƙasar Hausa, cinikin da mai kallon kasuwa kaɗai ba zai taɓa gani ba. Daga manazartarta na koma baya na ga abin da ta dogara da shi, sannan na danna mahaɗin waɗanda suka ambace ta na yi gaba har zuwa zamaninmu. A nan na ci karo da Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a cikin birnin Kano a ƙarshen shekarun 1970 a kan yara masu talla, ta nuna cewa matar da ke cikin kulle da yaranta take kaiwa kasuwa, kuma shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka fara a 1976 ya taɓa aljihun iyaye mata kai tsaye tun da ya ɗauke musu 'yan aike. Wani abin da ya tsaya mini a rai shi ne littafin Polly Hill na 1977 a kan karkarar Kano, wanda ta gina a kan binciken da ta yi a Ɗorayi. A rubutunta Ɗorayi gonaki ne da gidajen manoma a warwatse, alhali ni Ɗorayin da na sani unguwa ce mai cunkoso a bayan tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, inda 'yar'uwar mahaifiyata take aure. Wanda ya karanta littafin a Landan bai taɓa zuwa ba zai iya rubuta cewa Ɗorayi ƙauye ne, kuma rumbun bayanai ba zai gyara masa ba.

Ba duk abin da na gano sunansa ne yake a intanet ba. Ɗaya daga cikin muhimman ayyukan Schildkrout babi ne a cikin wani littafi da aka tattara a 1983, kuma irin waɗannan littattafai na wancan zamani da yawansu ba a mayar da su na lantarki ba. A nan ne na amfana da wani aiki na ɗakin karatu da ɗalibai da yawa ba su san da shi ba: mutum ya cike fom a shafin jami'a, ma'aikaci ya ɗauko littafin daga kanta ya ɗauki hoton babin ya turo ta imel, idan kuma jami'ar ba ta da shi a aro daga wani ɗakin karatun. Dokar haƙƙin mallaka ta taƙaita abin da za a turo, galibi babi guda daga littafi ko maƙala guda daga fitowar mujalla, don haka dole mutum ya fara duba jerin babobin ya zaɓi wanda ya fi buƙata kafin ya nema. Littattafan lantarki kuma suna da nasu sharaɗin, domin wasu mutum ɗaya ko uku kaɗai aka yarda su buɗe a lokaci guda, wasu kuma aro ne na kwanaki da ke rufe kansa idan wa'adi ya cika.

Akwai kuma rabin ƙasar Hausa da mai neman Turanci kaɗai ba ya gani. Masana na Faransa sun yi aiki mai zurfi a Maraɗi da Damagaram, kuma su kalmar Hausa "Haoussa" suke rubuta ta, tsofaffin Jamusawa kuma Haussa. Da na sa wannan rubutun a Persée, rumbun mujallun Faransa da kowa ke iya shiga kyauta, sai ga ayyuka a kan 'yan kasuwar Maraɗi da alaƙarsu da Kano, ciki har da na Emmanuel Grégoire a kan alhazan garin. Faransancina bai taka kara ya karya ba, amma da ƙamus da haƙuri na fahimci abin da nake buƙata.

A Kano, tsarin aikina wuta da sabis ne suka tsara shi. Da rana ina shiga gidaje ina hira da mata, da dare kuma, bayan sallar isha'i idan gida ya yi shiru, nake zama neman abin karantawa, domin sabis ya fi ƙarfi a lokacin kuma garaɓasar data ta dare ta fi araha. Na lura VPN tana rage gudun intanet, kuma idan sabis ya yanke na ɗan lokaci sai ta fita gaba ɗaya a sake shiga daga farko, don haka na fi bin ƙofar shiga ta jami'a kai tsaye. Na daina karatu a kan shafi. Duk abin da tsakurensa ya nuna yana da amfani sai in sauke shi in adana a Zotero, manhajar kyauta da ke riƙe maƙala tare da sunan marubuci da shekara da shafuka, ta kuma jera manazarta da kanta idan an zo rubutu. Washegari ko an ɗauke wuta ina da abin karantawa gwargwadon cajin kwamfuta. Sai dai sauke-sauken ma da iyaka, domin idan na'urar kamfanin ɗab'i ta ga an kwashi maƙaloli da yawa a ɗan lokaci takan ɗauka sata ce ta rufe, wani lokaci ma ta rufe wa jami'ar baki ɗaya, kuma ba na son a ce wata ɗaliba a Gwammaja ce ta jawo haka. Bambancin lokaci bai dame ni ba, tun da a lokacin sanyinsu awa ɗaya ce tsakaninmu, a lokacin zafinsu kuwa agogonmu ɗaya ne, don haka ina iya yi wa ma'aikatan ɗakin karatu tambaya ta akwatin hira na shafinsu su amsa nan take.

Alƙaluma sun buƙaci taka-tsantsan fiye da maƙaloli. Binciken lafiya da yanayin iyali da ake kira DHS, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2003 da 2008 da 2013 da 2018, yana tambayar mata ko suna da sana'a da kuma wanda ke yanke shawara a kan kuɗin da suka samu. A lokacin da nake bincikena ana ba da bayanansa kyauta ga wanda ya yi rajista ya bayyana abin da zai yi da su. Amma an tsara shi ne ya yi magana a kan ƙasa da shiyya da jiha, ba a kan unguwa ba, kuma domin kare sirrin mutane ana gusar da alamar wurin da aka yi hira har zuwa kilomita 2 a birni da kilomita 5 a karkara. A wani gari wannan tazara ba komai ba ce, amma a Kano kilomita 2 ta isa ta ɗauke gida daga cikin ganuwa ta ajiye shi a Fagge, ko daga Fagge ta kai shi Sabon Gari, kuma duk Bakano ya san rayuwar matan aure a waɗannan wurare ba ɗaya ba ce. Binciken Global Findex na Bankin Duniya, da aka fara a 2011, yana tambayar ko mutum ya yi ajiya ta ƙungiyar zubi, amma mutum kusan 1,000 ake tambaya a ƙasa baki ɗaya, don haka ba shi da abin faɗa a kan Kano ita kaɗai. Ƙidayar jama'a ma haka take. An soke ta 1973, ta 2006 ta ba Jihar Kano sama da mutum miliyan 9, kuma duk adadin da aka rubuta wa Kano kafin 1991 ya haɗa da ƙasar da ta zama Jigawa a wannan shekarar. Na ga maƙaloli a manyan mujallu da suka jera adadin 1963 da na 2006 kamar na yanki ɗaya ne.

Da na zauna rubuta bitar ayyukan da suka gabata, sai na ga kusan duk sunayen da ke cikin Zotero ɗina na Turawa ne, kuma na san ba zai yiwu a ce a tsawon shekarun nan babu ɗan ƙasa da ya nazarci adashe ko tallar yara ba. Wannan ne ya kai ni sashen ajiye kundaye na ɗakin karatun Jami'ar Bayero, da wasiƙar gabatarwa daga jami'ata. Wani dattijo ma'aikaci ya karɓe ni, ya karanta wasiƙar a tsanake, ya tambaye ni batun binciken. Da na faɗa masa sai ya ce, "Malama, ai wannan ba a sashen zamantakewa kaɗai za ki nema ba. Ki duba na Nazarin Harsunan Najeriya, su da Hausa suke rubuta nasu, ki kuma duba na tattalin arziki da na tarihi." Na ce, "Baba, ko akwai jerin sunayensu da zan duba?" Ya miƙo mini wani babban littafin rajista mai bangon kwali, an rubuta sunayen kundaye da biro shekara bayan shekara, ya ce in bi da yatsa in rubuta lambobin da nake so. Kundayen da ya ɗauko mini wasu da tafireta aka buga su, takardar ta yi ja, amma a cikinsu akwai hirarraki da matan unguwannin cikin gari waɗanda ɗalibai mata suka yi da harshensu, a gidajen da ba a shiga, tare da adadin zubi da farashin kaya na shekarun da aka yi aikin. Ingancinsu ya bambanta, wasu kwafe-kwafe ne, amma masu kyau daga cikinsu sun san abin da baƙo ba zai sani ba ko ya shekara goma.

Ba ko ɗaya daga cikin waɗannan kundaye da ya taɓa fito mini a wani rumbu, kuma wannan shi ne babban abin da na fahimta game da ɗakin karatu na intanet: yana bin mutum har ɗakinsa, amma abin da aka shigar cikinsa kaɗai yake nunawa, kuma abin da aka shigar ya karkata ga mujallun Turai da Amurka da harshen Turanci. AJOL, rumbun mujallun Afirka da aka fara a 1998 wanda ke da mazauni a Afirka ta Kudu, ya rage wannan giɓi, kuma mujallun Najeriya suna da yawa a cikinsa, sai dai ba kowace mujallar sashe ce ta shiga ba. Tsofaffin takardun mulki suna Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da Arewa House a Kaduna, wasu a Gidan Ɗan Hausa a nan Kano, tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939 kuma sai mutum ya bi su inda aka ajiye. Abin ya juya ta ɗaya ɓangaren ma, domin tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami na Umar Falke, malami kuma ɗan kasuwar Kano, yana Jami'ar Northwestern a Amurka. A ganina ɗalibin da ya rubuta a kundinsa cewa ba a yi bincike a kan abu kaza ba, alhali rumbunan intanet kaɗai ya duba, ya faɗi abin da bai tabbatar ba.

Matan da nake hira da su ma sun sauya mini kalmomin nema. Wata uwar adashe a cikin gari, mai sayar da atamfa da turaren wuta daga ɗakinta, na ba ta labarin abin da Schildkrout ta rubuta, cewa da ribar talla ake tara wa yarinya kayan ɗaki. Ta yi dariya ta ce, "Ai 'yata, Baturiyar nan gaskiyar zamaninta ta faɗa, ni ma da tallar ƙosai aka yi mini jere. Amma yanzu kalli nan." Ta buɗe wayarta ta nuna mini hotunan atamfofin da ta ɗora a WhatsApp da safe, da saƙonnin banki na waɗanda suka biya, ta ce mai adaidaita sahu ne ke kai kaya Hotoro ko Rijiyar Zaki, jikokinta kuwa suna makaranta. Ta ce tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 rabin 'yan adashenta suka koma turo zubi ta waya, ita kuma har yanzu tana riƙe da littafin da take sa wa kowa alama, domin saƙon banki ba ya nuna wadda ta roƙi a ba ta kwasa kafin layinta saboda haihuwa ko biki. A daren na koma rumbuna da sababbin kalmomi a kan kuɗin waya da ƙungiyoyin zubi, na tarar mafi yawan abin da aka rubuta a kan Kenya ne da tsarin M-Pesa da aka fara a 2007, inda kamfanin waya ne ya jagoranci abin, ba bankuna da masu POS kamar a nan ba. Wannan bambanci ya zama babi guda a kundina.

Da labari ya bazu cewa ina da hanyar shiga mujallu, abokan karatuna na da, waɗanda wasunsu yanzu malamai ne a manyan makarantun Kano, suka fara turo mini sunayen maƙaloli, har wani ya nemi in ba shi kalmar sirrina gaba ɗaya. Na fahimci halin da yake ciki, domin ana neman ya buga aiki kafin a ƙara masa girma kuma albashinsa ba zai sayi maƙala da dala ba, amma kalmar sirrin ita ce ta imel ɗina da bayanan matan da suka amince suka yi magana da ni, kuma bayar da ita ya saɓa wa sharaɗin da na sa wa hannu. Abin da na yi shi ne na zauna da shi na nuna masa hanyoyin da ba sa buƙatar jami'ar waje. JSTOR yana ba duk wanda ya buɗe asusun kansa damar karanta maƙala har 100 a wata a kan shafi kyauta. Unpaywall, ƙaramar manhaja da ake liƙa wa burauza, tana nemo kwafin halal na maƙala idan marubucin ya ajiye shi a ma'ajiyar jami'arsa. DOAJ na jera dubban mujallun da a buɗe suke ga kowa. Sannan akwai tsohuwar hanya ta rubuta wa marubuci wasiƙa ta ladabi a nemi kwafi, kuma a iya abin da na gani masana ba kasafai suke hanawa ba. Na kuma ba shi shawarar ya tambayi ɗakin karatun makarantarsa abin da suka biya wa rajista, domin da ya je ya tarar akwai rumbunan da bai san suna da su ba.

Ni kaina damar ba ta dindindin ba ce, domin jim kaɗan bayan kammala karatu ake rufe asusun ɗalibi, kuma abin da ake bar wa tsofaffin ɗalibai kaɗan ne daga abin da suka saba da shi. Saboda haka kafin in miƙa kundi na tabbatar duk abin da na ambata yana cikin Zotero da cikakken bayaninsa, na kuma mayar da asusun manhajar daga imel ɗin jami'a zuwa nawa. Mataki na ƙarshe shi ne fom ɗin ajiye kundi a ma'ajiyar jami'a ta intanet, inda ake tambayar ɗalibi ko a buɗe aikinsa ga kowa nan take ko a rufe shi na wasu shekaru har ya buga littafi. Na zaɓi a buɗe, bayan na sake bin kowane shafi na sauya sunayen mata da na lunguna da duk wata alama da maƙwabciya za ta iya gane mai magana da ita, tun da maganar bashi da jari ce kuma wasu mazajensu ma ba su san adadin ba. Na nemi izinin ƙara tsakure da Hausa kusa da na Turanci aka amince, sannan na sa aka buga kwafi biyu aka yi musu bango a wani shagon ɗab'i da ke kusa da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, ɗaya na sashenta na ajiye kundaye, ɗaya kuma na Mambayya House, cibiyar bincike ta jami'ar da ke unguwarmu.